Ɗan kifin Devils Hole

Yau na tsaya a bakin Devils Hole da ke jihar Nevada a Amurka, wani tsagin dutse mai ruwa a tsakiyar hamada, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Ina ta leƙe daga sama, sai wani dattijo ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya nuna mini wani falalen dutse a cikin ruwan. Sai ga kifayen nan, 'yan mitsi-mitsi, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, mazan shuɗaye. Wallahi jikina ya yi sanyi. Duk faɗin duniyar nan, ramin nan kaɗai Allah ya yi wa wannan kifi gida. Zafin ruwan ya kai digiri 33, kuma a kan wannan ɗan falalen suke cin gansakuka, a nan suke zuba ƙwai.

A 2013 da aka ƙirga su, 35 kacal aka samu. Tun 1976 Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita wa masu gonakin yankin zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, don kada falalen ya bushe, kuma ni dai na ga ta yi daidai. Amma akwai abin da kotu ba ta iya hanawa: girgizar ƙasa a Meziko a 2022 sai da ta tayar da igiyar ruwa a cikin ramin. Har yanzu fargaba nake, dare ɗaya ya isa a wayi gari babu su.