Talata: Yau Mun Ɗauki Lauya

Kwana 6 ke nan ƙanina Auta yana gidan yarin Kurmawa da ke Kano. Tun da asuba Hajiya ta aiko yaro wai in biyo ta gida kafin in wuce makaranta, na kira shugabarmu na nemi uzurin yau gaba ɗaya, don na san ba maganar minti goma ba ce. Na iske Kawu ya riga ni, yana zaune a tabarmar tsakar gida, ga kokon da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kwanakin nan ya fara cakuɗe min. Shekara 5 Auta yana tsaron shagon wani attajiri a Kantin Kwari. Da aka yi lissafin kaya, maigidan ya ce atamfa da shadda na kusan naira miliyan 4 sun yi ɓatan dabo. Aka kai shi wurin 'yan sanda, daga can aka rubuta takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke gabatar wa kotu, aka kai shi kotun majistare da tuhumar cin amana. Ranar ba mu da lauya. Alƙali ya ɗage zama zuwa Alhamis ɗin nan, ya ce a ajiye shi.

Kawu ya zo da sunan wani barista da ya yi shekara 14 yana lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a kafin ya ajiye aiki ya buɗe ofishinsa. Hujjar Kawu guda ce: mutumin ya san kowa. Ya san alƙalai, ya san masu gabatar da ƙara, waya ɗaya zai buga a sako yaro. Hajiya kuwa da ta ji aikin da ya yi a baya, sai ta ɗaure fuska. Ta ce, "Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure 'ya'yan mutane shi zan damƙa wa ɗana? Ina zai samo tausayin?" Ita yaron lauyan nan na unguwarmu take so, wanda ke durƙusawa ya gaishe ta. Ni ban ce uffan ba. Na dai ce a je a ga mutumin, gani ya kori ji.

Adaidaita sahu muka hau ni da Kawu zuwa titin Gidan Zoo. Ofishin a bene yake, ɗaki biyu, babu wuta, fanka tsaye. Na zaci zan ga wani ƙato mai tsawa. Sai ga ɗan siririn dattijo da furfura a gemu, tabarau a kan karan hanci, yana cin gyaɗa daga cikin leda.

Ko gama gaisawa ba a yi ba Kawu ya fara zagaye-zagaye, wai mun ji Barista yana da mutane a sama. Ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, in mai buga waya kuke nema, kun yi ɓatan hanya. Waɗanda na yi aiki da su za su amsa gaisuwata, za su nuna min abin da doka ta ce a nuna min ba tare da sun wahalar da ni ba. Iyakarsa ke nan. Wasu ma don sun san ni ne za su ƙara ɗaure ɗamara." Kawu ya gyara hula ya yi shiru. Ni kuwa, Allah ya sani, a nan ne na fara sakin jiki da mutumin.

Abu na farko da ya tambaya shi ne ko maganar ta taɓa bi ta teburinsa lokacin yana gwamnati, ko yana da wata alaƙa da maigidan. Ya ce ƙa'idar aikin lauya ta hana wanda ya bar aikin gwamnati karɓar shari'ar da ya taɓa ba da shawara a kanta. Tun da ya bar aiki shekaru kafin Auta ya shiga kasuwa, babu matsala.

Sannan ya karɓi kwafin FIR ɗin. Yadda ya karanta ta shi ne abin da har yanzu yake min yawo a kai. Mu kwana 6 muna karanta takardar nan muna kuka. Shi da jan biro ya karanta, kamar yadda nake duba jarrabawar yara. Ya ce a ƙarƙashin kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod, sashe na 311 ne ya fayyace cin amana, 312 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, in kuwa aka ce yaron gida ne ko ma'aikaci ya ci amanar maigidansa, sai a koma 314, mai shekara 10. Cikina ya ɗuri ruwa. Amma ya ce kafin a kai can, sai mai ƙara ya tabbatar an damƙa wa yaron kayan, kuma shi ne ya karkatar da su da mugun nufi. Ɓatan kaya kaɗai ba ya isa. Sai ya shiga jero tambayoyi. Mutum nawa ke riƙe da makullin sito? Wa ke rubuta littafin shige da ficen dila? Yaushe aka yi lissafin ƙarshe kafin wannan? Akwai bashin da aka bai wa 'yan sari ba a rubuta ba? Ya ce, "Da fayil ɗin nan a teburina ya zo a da, waɗannan zan fara tambayar ɗan sandan da ya yi bincike. In bai da amsa, na san a gaban alƙali zan ji kunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na san amsar biyu. Makulli uku ne, ɗaya a hannun ɗan maigidan. Ya rubuta, bai ɗago kai ba.

Daga nan daɗin ya ƙare. Ya tambaya ko Auta ya sa hannu a wata takarda a wurin 'yan sanda. Na ce ya sa, da Turanci aka rubuta, shi kuma Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya ce doka ta tanadi a karanta wa mutum bayaninsa da harshen da yake ji, tafinta ya sa hannu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi haka, Kano ma ta yi tata a 2019. In kuma tilasta masa aka yi, Dokar Shaida ta 2011 ta ba da damar a ƙalubalanci takardar. "Amma Malama," in ji shi, "kar ki ɗauka wannan zai wanke shi. Na sha ganin an jefar da takarda, shaidu sun ɗaure mutum." Sannan ya cire tabarau ya dube ni. "Kuɗin ciniki sun taɓa shiga asusun bankinsa?"

Sun shiga. Duk 'yan kasuwa sun san ana haka, in na'urar POS ta ƙi, sai yaron shago ya ba da lambar asusunsa. Na faɗa masa ina jin kamar na tona wa ɗan'uwana asiri. Ya ce nan ne za su kama, domin da shi ne nan zai kama. Ya ce in samo bayanan asusun na wata 12, mu ga kowace naira da ta shiga da inda ta fita, kafin su riga mu. Bai tambaye ni ko Auta ya ɗauki kayan ba. Bai kuma ce ya yarda bai ɗauka ba. Wannan ya sosa min rai ƙwarai. Ina so wani ya ce min ƙanina ba ɓarawo ba ne, shi kuwa cewa ya yi tsarin mulki, sashe na 36, ya riga ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, kuma wannan ya ishe shi yin aiki. A nan na tuna maganar Hajiya. Ba ta yi ƙarya ba, mutumin nan ba shi da lallashi ko kaɗan.

Kawu ya kawo zancen sulhu. Barista ya ce ƙofa ce a buɗe, irin wannan rigima ta kasuwa sau da yawa a wurin dattawan layi take ƙarewa, amma kada kowa ya je wurin maigidan ya ce za mu biya kafin shi ya ga littattafan shago, don gobe za a ce mun amsa laifi. Na kalli Kawu, ya kau da kai. Ashe jiya ya je. Ya rantse haƙuri kawai ya bayar, bai ambaci kuɗi ba. Barista ya yi ajiyar zuciya, ya rubuta wannan ma.

Kuɗinsa ya ninka na yaron unguwarmu sau biyu. Ya yarda a ba shi rabi yanzu, ya rubuta rasit da hannunsa. Kuɗin adashina ne da na ɗauka watan jiya, na ɗinkin sallar yara.

A hanyar dawowa Kawu bai yi min magana ba har Ƙofar Nassarawa. A nan ya ce shi dai bai ga amfanin tsohon lauyan gwamnatin da ba zai buga waya ba. Na ce, "Kawu, ai ba mu da kuɗin wayar ma." Ya yi dariyar da bai shirya ba.

Hajiya ta tambaye ni abu guda: ya yi alƙawarin fito da shi? Na ce a'a, cewa ya yi ranar Alhamis zai nemi beli, laifin ana ba da belinsa, kuma gobe zai je Kurmawa ya ga Auta da kansa. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in tambaye shi ko zai tafi wa yaron da dambun nama da sabulu.

Ya ce mu tanadi masu tsaya masa mutum biyu, don alƙali na iya cewa ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati ko mai gida a cikin gari, da hotuna da katin shaida. Na kira mijin Yaya sau uku bai ɗaga ba. Gobe da ƙarfe 8 banki, daga can in biya gidansu.