Bayan allurar rigakafin shingils: abin da jiki zai ji

Wanda ya taɓa yin ƙarambau, ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba, kwanciya ta yi a jijiyoyi. Idan shekaru suka ja ko garkuwar jiki ta raunana, sai ta farka da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar ƙuna a ɓari ɗaya na jiki. Shi ne shingils.

Rigakafinsa, Shingrix, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, sau biyu ake yi: rabin mililita a tsokar damtse, sannan a maimaita bayan wata 2 zuwa 6. An fi yi wa 'yan shekara 50 zuwa sama.

Gaskiya allurar tana jijjiga mutum. A gwajin da aka yi, kusan 78 cikin 100 sun ji ciwo a wurin, kusan 45 sun yi ciwon jiki da kasala, wasu ciwon kai, rawar sanyi, zazzaɓi ko tashin zuciya. Kusan mutum 1 cikin 6 sai da ya ajiye aiki. Dalili kuwa, an haɗa ta da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, domin garkuwar dattijo ba ta saurin amsawa. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, don haka ba ta sa shingils.

Yawanci kwana 2 zuwa 3 abin ya wuce. A zaɓi hannun da ba a cika aiki da shi ba, a riƙa motsa shi, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha ruwa sosai. Farasitamol ya isa, amma kada ya wuce giram 4 a yini. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji ibufurofen. Zazzaɓin da ya zarce kwana 3 kuwa, kada a ɗora wa allurar laifi, a je a gwada maleriya.

A zauna minti 15 a asibiti bayan allurar. Kumburin fuska ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, ko ƙafafu su fara mutuwa da rashin ƙarfi a cikin makonni 6, wannan na gaggawa ne, ko da yake da wuya a gan shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya sha wuya a ta farko, ya ƙi komawa. Kariyar da ta haura kashi 90 sai da allura biyu ake samunta. Idan wata 6 ya wuce, ba a sake farawa, ta biyun kawai za a yi.