Gwajin tsoka, danna gurabe, da yaron da ke tsoron littafi

Duk malamin da ke aiki da yara masu wahalar karatu, ko ba daɗe ko ba jima sai an kawo masa labarin kinisiyoloji, wato hanyar gwada ƙarfin tsoka da danna gurabe a jiki da ake cewa tana gano matsala ta kuma warware ta. Yawanci uwa ce da ta gaji da jin "ɗanki ba ya mai da hankali", kuma ba na ganin laifinta, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni ma na shiga kwas ɗin na koya, na gwada a aji da izinin iyaye.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1964 wani mai gyaran ƙashin baya a Detroit, George Goodheart, ya fara cewa raunin tsoka na nuna ciwon da ke ɓoye a jiki. A 1973 John Thie ya sauƙaƙa hanyar don kowa ya koya, da sunan Touch for Health, tana haɗe da akidar likitancin Sin cewa akwai hanyoyin kuzari a jiki da gurabe da ake dannawa. Daga baya Paul da Gail Dennison suka kai ta makarantu a matsayin Brain Gym, motsi 26, shi kuma Gary Craig a shekarun 1990 ya yaɗa bubbuga gurabe da yatsa don damuwa da firgici, wato EFT.

Gwajin kansa abin burgewa ne ranar farko. Ka miƙa hannu, mai gwaji ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ya ce "riƙe", ya danna ƙasa kaɗan. In ka tuna abin daɗi hannun ya tsaya ƙyam, in ka tuna abin baƙin ciki ya saki. Sai an wayi gari mai dannawa bai san amsar da ake nema ba, nan ne lissafi ke rushewa. Wani bincike da aka buga a 1988 ya sa masu wannan sana'a su gano ƙarancin sinadaran abinci ta gwajin tsoka, aka kwatanta da gwajin jini, sakamakonsu bai fi canki-canka ba. Kuma ba sai mutum ya yi niyyar ha'inci ba. Tun 1852 William Carpenter ya bayyana yadda abin da mutum ke tsammani ke motsa tsokarsa ba da saninsa ba. Ɗan ƙarin nauyi, ɗan saurin dannawa, shi ke nan.

Inda hankalina ya tashi shi ne yadda ake amfani da wannan gwaji a tono raunin zuciya. A kwas ɗin na ga ana ƙirga wa wata mata shekaru da baya-baya ana danna hannunta, goma, tara, takwas, har hannun ya saki a huɗu. Aka ce mata a wannan shekarar abin ya faru, tsakaninta da uwa ko uba. Ba ta tuna komai ba, amma ta fita da jajayen idanu tana laluben wanda za ta zarga. Babba ke nan. Yaro kuwa, abin da malaminsa ya ce ya faru, to ya faru. Wannan ɓangaren ban taɓa kai shi aji ba.

Sai dai in na ce babu abin ɗauka a ciki na yi son kai. Akwai yaron da da zarar an buɗe littafi sai kafaɗunsa su ɗage, ya riƙe numfashi, ya haɗiye yawu, ya ce fitsari yake ji. An sha yi masa dariya a bainar aji, har baƙaƙe suka zame masa abin tsoro. Idan muka yi minti biyu yana murza ƙasan ƙashin wuyansa da kansa, yana sakin numfashi a hankali, yana faɗin "ina jin tsoro, amma ina nan lafiya", kafaɗun kan sauka ya iya kallon layin farko. Na ga haka da idona.

Gurbin da yake murzawa ne ya yi aikin? A 2003 Waite da Holder sun raba masu fama da tsoro rukuni-rukuni: wasu suka bubbuga guraben da aka tanada, wasu wuraren da ba su ba ne a hannu, wasu kuma jikin 'yar tsana. Duk tsoronsu ya ragu kusan daidai wa daida. Ni abin da na ɗauka shi ne numfashi, da ambaton tsoron da baki, da babban da ya zauna bai yi tsawa ba, su ne ke ɗauke da nauyin. Gurbin da na san yana da ɗan goyon bayan bincike shi ne na cikin wuyan hannu, P6, shi ma don tashin zuciya ne, babu ruwansa da karatu.

Yaron da ya natsu kuma bai zama makaranci ba tukuna. Mai disleksiya, wato larurar wahalar karatu, matsalarsa tana wajen rarrabe sautukan kalma da haɗa su da haruffa, kuma dabarun Brain Gym irin su taɓa gwiwar hagu da hannun dama ko shan ruwa ba sa koya masa hakan. Sai an zauna da shi harafi da sauti, kullum, a jere, har ya kama. Motsin ba ya cutarwa, amma idan ya cinye rabin darasi, ko iyaye suka dogara da shi suka jinkirta kai yaro a duba jinsa da ganinsa, an yi asarar lokacin da yake da wuyar dawowa.

Firgici mai zurfi kuwa ya fi ƙarfin aji. Yaron da ke farkawa da ihu, ko ya daskare in an ɗaga murya, ƙwararre yake buƙata. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu ga irin wannan: jinyar tunani da ɗabi'a mai fuskantar abin da ya faru, da kuma EMDR, inda ƙwararre ke sa mutum ya tuna abin yana motsa idanunsa hagu da dama. Can nake tura iyaye. Kafin su samu layi, abin da ke hannuna kaɗan ne: ba na taɓa jikin yaron, domin wanda aka ci zarafinsa taɓawa kanta kan tayar masa da abin. Nakan nuna a jikina, ya yi a nasa in ya ga dama, in ya ce a'a mu wuce kai tsaye zuwa haruffa.