Yadda ake gano inda man sarƙa ke yoyo a injin yankan itace

Kada ka yi gaggawar sayen sabon famfon mai don ka tarar da ɗan tabo a ƙarƙashin injinka. Bayan aiki akwai ragowar mai a kwarmin farantin da sarƙa ke gudu a kansa, da cikin murfin kuloci, kuma yakan ci gaba da ɗiga har kwana ɗaya ko biyu. Abin damuwa shi ne ka ajiye tankin man sarƙa cike, ka dawo ka samu ya yi ƙasa sosai.

Kashe injin, cire hular fulogi, sa safar hannu. Kwance notin murfin kuloci, ka cire faranti da sarƙa, ka goge ko'ina tas, musamman cakuɗen mai da garin katako da ke manne kamar ƙullu. Cika tankin man sarƙa, ka ɗora injin a kan busasshen kwali ya kwana. Inda tabon ya fito da safe, nan za ka bi.

In a gefen murfin tanki ne, da sauƙi: zoben robar ya tsage, ko garin katako ya hana shi zama daidai. Wanke shi ko ka sauya.

In kuwa daga ɗan ramin da ke ba faranti mai yake tsattsafowa alhali inji a kashe, yawanci iska ce. Tankin yana da ƙaramin bawul na numfashi. Da zafi ya taso, iskar ciki sai ta kumbura ta tura man ta cikin famfo zuwa waje, lamarin kuma yakan tsananta idan bawul ɗin ya toshe. Tsabtace shi, sannan ka saba sassauta murfin tanki bayan aiki iskar ta fita, ka sake ɗaurewa. In ajiyar za ta kai makonni, juye man gaba ɗaya.

Tabo a ƙarƙashin ciki, wajen kuloci, shi ne mai cin lokaci. Tiyon roba da ya haɗa tanki da famfo yana ƙandarewa idan ya tsufa, bakinsa ya saki. Sai an cire kuloci ake kai wa gare shi a yawancin injuna, kuma a kula: zaren kulocin na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran notuna ta nan yake kwancewa. Tiyon da ya yi tauri sauya shi kawai, gam ba ya riƙe wurin da mai ke wanka. Tsagaggen tanki ma haka.

Akwai yoyon da sai ana aiki yake bayyana. Ramin mai na jikin faranti ya cushe, man ya rasa hanyar shiga kwarmi, sai ya gangaro ta baya, sarƙa kuma a bushe tana zafi. Zungure ramin da siririyar waya, ka yashe kwarmin. Kuma don Allah a daina zuba baƙin man da aka juye daga mota. Ba shi da danƙo, ga ɓarɓashin ƙarfe da ke cin famfo.

Ka mayar da komai, ka saita bakin faranti kamar santimita 20 daga farin katako, ka tayar da injin, ka ba shi wuta kashi 3 cikin 4 na minti 1. Ya kamata ka ga siririn layin mai a jikin katakon. In yana feshi da yawa kuma injinka na da sukurun daidaita mai a ƙasa, rage shi kaɗan-kaɗan har ya zama fetur na ƙarewa da sauran ɗan mai a tanki.