Kurar da Kawu ya feɗe, da inda namanta da fatarta suka tafi

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni hutun makaranta wajen dangin mahaifiyata a wani ƙauye da ke ƙasar Ningi, ba nesa da dajin Burra ba, kuma a wannan hutun ne na fara ganin kura a kwance a ƙasa, ba a hannun gardi ba, babu kuma takunkumi a bakinta. Ta shafe kusan wata guda tana shigowa gari da dare, ta ɗauke awaki uku, ta yaga cinyar wani ɗan jaki, har mai unguwa ya aika aka kira kawuna, wanda shi ne babba a cikin maharban yankin a lokacin. Dare biyu ya yi yana kwanto a kan wata tsamiya da ke bakin hanyar rafi bai ga komai ba, sai a dare na uku ya same ta da bindigarsa adaka.

Da gari ya waye aka jawo ta zuwa gindin wata kuka a bayan gari, domin Kawu bai yarda a shigo da ita cikin gida ba. Karnukan farautarsa, waɗanda na sha ganin sun tunkari gadu ba tare da shakka ba, suka tsaya can nesa suna gurnani, kowanne ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafunsa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne na ga an yanka wuyanta daidai yadda ake yanka akuya. Na ce, "Kawu, ashe ana cin kura?" Ya ce, "Ɗana, ba don nama na yanka ta ba. Na iske ta da sauran rai, kuma ina son fatar, shi ya sa na sa mata wuƙa da bisimilla."

Sai da na girma na zauna gaban malami muna karatun Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani na gane inda maganar Kawu ta samo asali. A can aka kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin duk wata dabba mai fiƙa daga cikin masu farauta, amma kuma aka ce babu laifi a yi salla a kan fatun irin waɗannan dabbobi, a kuma sayar da su, matuƙar an yanka su. Fatar mushe kuwa, ko da an jeme ta, ana iya amfani da ita amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayarwa. Game da naman, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne makaruhi ne, duk da cewa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya zo da lafazin haramci. Hanafawa sun haramta, su kuwa Shafi'awa da Hambalawa sun keɓe kura sun halatta ta bisa hadisin Jabir. Mutumin ƙauye ba ya bin wannan saɓani dalla-dalla. Shi dai ya san kura mai cin mushe ce, ya kuma taso yana jin ana cewa tana tone kabari, wannan kaɗai ya isa ya hana tukunyar gidansa ganin namanta.

Fiɗar ta ɗauki lokaci fiye da yadda na zata, domin fiɗar dabbar da ake son fatarta da gashi ta bambanta da ta mahauta. Kawu ya tsaga daga haɓa ya bi tsakiyar ciki har gindin wutsiya, sa'an nan ya tsaga cikin kowace ƙafa ya haɗe da tsagar farko. Daga nan ya rage amfani da wuƙa, ya koma cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da tsoka yana turawa a hankali, saboda huda ɗaya a gadon baya tana iya rage wa fata daraja ƙwarai. A wajen kai ne ya fi daɗewa, yana bin gefen kunne da fatar ido da leɓe da bakin wata 'yar ƙaramar aska. Da fatar ta fita, sai ya shimfiɗa ta a kan wani kututture, ya kankare duk wani kitse da guntun tsoka da ya maƙale, yana gaya mini cewa kitsen da aka bari shi ne ke ruɓar da fata ya sa gashi ya zube. Ya barbaɗa gishiri da toka, ya ja ta ya kafe gefunanta da tsinkayen itace a cikin inuwa, nesa da inda gara za ta kai gare ta, domin rana mai zafi tana busar da saman fata ta bar cikinta da danshi. Bayan 'yan kwanaki aka kai wa majemi. Fatar akuya ana jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki kafin a tsoma ta a ruwan bagaruwa, amma ita wannan ba a yi mata haka ba, bagaruwa kawai aka dinga shafa mata ta ciki ana murzawa, daga bisani aka sa mata mai don ta yi laushi, tunda dabbare-dabbaren gashin nan su ne shaidar cewa fatar kura ce.

Naman kuwa bai sami wannan kulawa ba. Jan nama ne mai duhu da tauri, ga ƙarni mai hawa kai. Wasu maƙwabta daga tsallaken rafi, waɗanda addininsu da al'adarsu ba su hana su ci ba, suka zo suka nemi cinyoyin, Kawu ya ba su kyauta, ya kuma ja musu kunne cewa su dafa shi ya dahu lugub, kada su tsaya ga banda kaɗai. Sauran gangar jikin aka bar wa ungulaye, kafin la'asar babu abin da ya rage sai ƙasusuwa. Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma gargaɗinsa ya dace da abin da likitocin dabbobi suka tabbatar, cewa naman dabbobi masu cin nama yakan ɗauki wata 'yar tsutsa mai suna tirikinela da ke ɓuya cikin tsoka, wadda hayaƙi ko shanya ko gishiri ba su da tabbacin kashe ta, sai dahuwa har ciki. Haka nan mai feɗe dila ko karen daji da rauni a hannunsa yana iya kamuwa da cutar haukan kare. Maharban da suka yi zamani da baka da kibiya sun san su yanke naman da ke kewaye da inda kibiya ta shiga su jefar saboda dafin ƙwanƙwani, amma wannan dabara ba ta da amfani ga dabbar da aka kashe da maganin ƙwari, kamar yadda wasu ke yi yanzu idan suka barbaɗa guba a kan mushen saniya. Irin wannan guba tana ratsa dukan jiki, tana kashe kurar da ungulayen da suka sauka bayanta, kuma wani lokaci naman yakan ƙare a kan teburin mai banda, inda babu mai iya bambance shi da na gada.

Abin da na fi tunawa shi ne mutanen da suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Kawu raɗa. Wani yana son ɗan kitse don ciwon gwiwar mahaifiyarsa, wani gashin wutsiya, wani haƙori, wani kuma ya nace sai an yankar masa fatar goshi. A nan ne ainihin kasuwar dabba mai farauta take. Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu maganin gargajiya a Kasuwar Kurmi ta Kano, ko a kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, ya ga busassun kawuna da farata da guntayen fatu a shimfiɗe. Ana neman fatar goshin zaki don kwarjini, kitsen zaki da na mesa don sanyin ƙashi da ciwon baya, fatar damisa don kada a tunkari mutum, a kai wa baduku ya ɗinke cikin laya ko kambu. Ni ban yarda cewa guntun fata yana sa a ji tsoron mutum ba, kuma ina ganin mai dogaro da shi ya ɗora zuciyarsa inda bai kamata ba. Sai dai rashin yardata ba ta rage ko kwabo daga farashin ba, domin masu saye suna nan da yawa, kuma ba talakawa ne kaɗai ba. A cikinsu akwai masu neman muƙami da 'yan kasuwa da 'yan dambe.

Kawu ya taɓa ba ni labarin yadda tsarin yake a zamanin mahaifinsa. Ya ce idan maharbi ya kashe zaki ko damisa, fatar ba tasa ba ce, sai ya kai wa Sarkin Baka, shi kuma ya wuce da ita fada, inda za a sa wa maharbin albarka a ba shi riga, fatar kuma ta zama shimfiɗa ko adon dokin sarki. Babu wanda yake fita neman damisa haka kawai, saboda kowa ya san kirarinta, damisa ƙi sabo, kuma idan ta ji rauni ba ta gudu, dawowa take yi kan wanda ya harbe ta. Ana kashe irin waɗannan dabbobi ne idan sun yi ɓarna, fata ta biyo baya a matsayin abin da ya saura. Abin da ke damuna shi ne yanzu lissafin ya juye. Dillali ne ke fara zuwa da kuɗin kafin alƙalami ya ce yana son fata kaza, sa'an nan a shiga daji neman dabbar da ba ta taɓa akuyar kowa ba. Fata guda idan aka yayyanka ta gunduwa-gunduwa kamar faɗin ɗan yatsa tana kawo ninkin abin da za ta kawo a ɗunkule, kuma mafi yawan ribar ba ta zuwa hannun wanda ya kwana a kan tsamiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, kuma a wannan ciniki maharbin ma yana cikin masu shan bugun.

Dajin kuwa ba zai iya ɗaukar wannan buƙata ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, manyansu ba su kai 250 ba, kuma a wurare huɗu kawai ake samunsu: Niokolo-Koba a Senegal, da dazuzzukan W da Arli da Panjari da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Mafi yawansu suna dajin nan na kan iyakar ƙasashe uku, na Najeriya kuwa ba su kai 50 ba. Idan aka ɗora wannan adadi a kan yawan tebura da ake sayar da kitsen zaki a kasuwanninmu, za a gane cewa yawancin abin da ke cikin kwalaben nan kitsen shanu ne ko na rago, yawancin goshin zakin kuma fatar wata dabba ce da aka rina. To amma jabun ba ya ceton na gaskiya, domin shi ne ke raya kasuwar, har mai kuɗi ya ce shi nagari yake so ko nawa ne, a kuma sami wanda zai shiga gandun daji da dare ya nemo masa.

Doka tana nan a rubuce. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta sanya damisa a rukunin da aka hana fataucinsa, kuma ta kafa tata dokar a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tsananin tara. A watan Oktoba na 2023 hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta ƙone kusan tan huɗu na ɓawon dankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke cin tururuwa, a Abuja, tare da kimanin kilo 110 na fatun damisa da mesa da kada da aka kama. Wannan mataki ne mai kyau, amma kayan da ake kamawa a tashar jirgi su ne waɗanda ke kan hanyar fita waje, alhali guntun fatar da ke cikin layar da ke damtsen mutum bai taɓa bi ta gaban jami'in kwastan ba. Ban kuma ga adalci ba a ɗora wa maharba laifin gaba ɗaya, mutanen da a garuruwa da yawa su ne ake tasa da tsakar dare idan ɓarayin shanu ko masu garkuwa da mutane sun shigo. Wanda kura ta cinye wa akuyar da yake shirin sayarwa don sayen taki yana da haƙƙin a kare masa dukiyarsa, kuma maharbin da ya amsa kiran mai unguwa ba ɗaya yake da wanda ya amsa kiran dillali ba.

Fatar kurar nan ta daɗe a rataye a zauren Kawu, sama da inda yake jingine bindigarsa. Wani fatake ya taɓa taya ta da kuɗin da za su sayi tunkiya, ya ƙi sayarwa, ya ce ba don ciniki ya kashe ta ba. Amma bai iya hana mai roƙo ba, musamman idan mace ce ta zo da yaro mai firgita da dare, ko tsoho mai ciwon ƙafa, sai ya ɗauko askar nan tasa ya yanko ɗan gefe ya miƙa ba tare da ya karɓi komai ba. Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa na tarar babu goshin, babu wutsiyar, babu ƙafafun, abin da ya rage na gadon bayan bai fi faɗin faifai ba. Na tambaye shi ko ana jin kukan kura a bayan gari har yanzu, ya ce rabonsa da ji tun kafin a nome fadamar da ke bakin rafi.