Abin da hannun yaro ya koya mini a filin besbol

Shekara tara ke nan ina koyar da yara wasan besbol a unguwar Bronx da ke birnin New York, kuma mafi yawan wannan lokaci na shafe shi ne tare da masu jifa, wato 'yan wasan da ke tsayawa a kan ɗan tudun da ke tsakiyar fili su wurga ƙwallo zuwa ga mai riƙe da sanda. Ban taso da wannan wasa ba, domin ƙwallon ƙafa muka buga a gida. Ɗana ne ya ja ni zuwa filin, inda wani dattijo ɗan asalin Jamhuriyar Dominika, wanda ya daɗe yana horar da yaran unguwa, ya ga ba na fashin zuwa, sai ya miƙa mini 'yar na'urar ƙirga jifa ya ce in riƙa taya shi.

Abu na farko da ya gyara mini shi ne inda nake kallo. Ni idona yana kan hannun yaro, shi kuwa nasa yana kan ƙafa da ƙugu, domin ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta tura, ta gaba ta kafu, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, sannan hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Yaron da bai iya amfani da ƙafafunsa ba, kafaɗarsa da gwiwar hannunsa ne za su biya bashin. Wannan darasi bai ba ni wahala ba, cikin shekara guda idona ya saba.

Darasin da ya ba ni wahala ya zo ne a shekarata ta huɗu, lokacin da aka bar mini ƙungiyar 'yan shekara 11 zuwa 12. Ina da wani yaro da duk unguwar ta san hannunsa. A wannan mataki tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu mita 14 ce kawai, ba mita 18.44 ta manya ba, don haka yaro mai ƙarfin hannu yana iya hana abokan hamayya taɓa ƙwallo wasa guda cur. Dokar Little League, hukumar da ke shirya gasar besbol ta yara, ta ce yaro mai waɗannan shekaru kada ya wuce jifa 85 a rana, kuma idan ya kai 66 dole ya huta kwana huɗu. Na kiyaye wannan doka sosai, har ina ganin na sauke nauyin da ke kaina.

Wata ranar Talata, yana cikin jifa na sittin da wani abu, na lura ƙwallonsa ta fara tashi sama, yana kuma yarfe hannu bayan kowane jifa. Na je wurinsa na tambaye shi, ya ce, "Koci, lafiyata lau, ka bar ni in ƙarasa." Na dubi na'urar da ke hannuna, na ga da sauran jifa kusan ashirin kafin iyaka, sai na koma na zauna. Bai ƙarasa ba. Likita ya gano cewa guringuntsin da ƙashin gwiwar hannunsa ke girma daga gare shi ya tsage ta gefen ciki, yaron kuma ya rasa sauran kakar wasan gaba ɗaya. Daga baya mahaifiyarsa ta gaya mini cewa ranar Lahadi, kwana biyu kafin wasanmu, ya yi jifa mai yawa a wata ƙungiyar daban da ke yawon gasa. Ba ta ɓoye mini ba. Ni ne ban taɓa tambaya ba.

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Na'urar ƙirga ta san abin da ya faru a filina ne kawai, ba ta san Lahadi ba, ba ta san jifan da yaro ke yi da bangon makaranta ba. Yaron kuma ba zai taɓa cewa ya gaji ba. Mu da muka taso inda ake koya wa yaro juriya da jin nauyin manya mun san wannan hali, amma na same shi a wurin kowane yaro da ke son a bar shi a kan tudu, ko daga ina iyayensa suka fito. Alamun suna gabana ƙarara, na zaɓi in gaskata lamba maimakon idona, kuma gaskiyar magana ita ce ina son mu ci wasan.

Bayan haka ne na zauna na karanta binciken cibiyar likitancin wasanni da ke Birmingham a jihar Alabama, wadda likitan ƙashi James Andrews ya kafa. A wani nazari da suka wallafa a 2006 sun gano cewa matasan da suka saba yin jifa da gajiyayyen hannu sun ninka sauran sau 36 wajen haɗarin kaiwa ga tiyata. A wani kuma na 2011, bayan sun bi yara 481 na tsawon shekara goma, sun ga waɗanda suka yi jifa a zagayen wasa fiye da 100 a shekara sun ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. Ni da na ɗauka jifa mai lanƙwasa ne babban abokin gaban yara, sai na tarar yawan jifa da gajiya sun fi shi ɓarna nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne yadda wasu iyaye ke kallon tiyata. A 1974 likita Frank Jobe ya ɗauko jijiya daga ɗaya hannun Tommy John, mai jifan ƙungiyar Los Angeles Dodgers, ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannunsa na hagu. John ya dawo a 1976, ya ci wasa 164 bayan aikin, har sunansa ya zama sunan tiyatar. Wannan nasara ta sa na sha jin uba yana cewa ai ko hannun ya lalace za a gyara, har ma ya ƙara ƙarfi. Nakan gaya masa cewa jinyar takan ci shekara guda ko fiye, ba kowa ne ke komawa yadda yake ba, kuma saurin da wasu ke samu daga baya ya fito ne daga watannin motsa jiki da hutun da ya kamata a ba su tun farko. Hatta Japan, inda aka ɗauki jifan Daisuke Matsuzaka 250 a wasa ɗaya na Koshien, gasar besbol ta makarantun sakandare, a 1998 a matsayin jarumtaka, ta sanya wa 'yan sakandare iyakar jifa 500 a mako daga 2020.

Na'urar auna sauri ma na rage fito da ita. Da zarar yaro ya ga lambarsa, sai ya daina tunanin inda ƙwallo za ta sauka, ya koma neman ya zarce ta jiya da dukkan ƙarfinsa. Na fi so in koya masa ya sa ƙwallo a gefen da ya nufa, sannan jifan yaudara, wanda ake riƙe ƙwallo can cikin tafi, hannu ya yi saurin da ya saba amma ƙwallo ta iso a makare. Mai jifa Greg Maddux ya ci wasa 355 a babbar gasar Amurka, kuma daidaiton jifa aka san shi da shi, ba sauri ba.

Yau kowane yaro nawa yana da shafi a littafina, kuma kafin ya hau tudu sai na tambayi shi da iyayensa ina ya yi jifa a cikin makon, har da ko ya tsuguna kamun ƙwallo, domin mai kamawa ma yana mayar da kusan kowace ƙwallo da hannunsa. Idan na ga gwiwar hannu ta fara sauka ko ƙwallo ta fara tashi, nakan karɓe ta ba tare da na tambaye shi yadda yake ji ba, ko da na'urar tana nuna talatin. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu babu mai jifa, bisa shawarar Pitch Smart, shirin kare hannun yara masu jifa na 2014, cewa a samu wata biyu zuwa uku a jere ba tare da wurga ƙwallo ba. Wasu iyaye sun cire 'ya'yansu saboda wannan, sun kai su inda ake wasa duk shekara. Yaron nan kuwa ya dawo wurina a bazarar da ta biyo bayan rauninsa, na ajiye shi a tsaron fili har tsakiyar kakar wasa, kuma ranar da ya sake hawa tudu jifa ashirin na ba shi.