Toyota ba ta gudu daga Le Mans ba

Har yau raina na sosuwa in na ji ana raina nasarorin Toyota a tseren motoci na sa'o'i 24 na Le Mans da ke Faransa, wai don ba ta da abokan karawa. Laifin wa ke nan? Audi, wadda ta lashe tseren sau 13, ta tattara komatsanta a ƙarshen 2016, bayan badaƙalar hayaƙin dizal ta girgiza uwar kamfaninta Volkswagen. Porsche ma ta bi bayanta a ƙarshen 2017. Kuɗin ƙera motocin LMP1 (babban rukunin tseren a lokacin) masu haɗa fetur da lantarki ya fi ƙarfin kowa, sai fili ya zama wayam.

Toyota kuwa ta tsaya. Ita ce fa a 2016 motarta ta mutu saura 'yan mintuna a kammala, tana kan gaba. Da wani kamfanin ne, daga nan ya yi sallama. Ta haɗiye takaicin ta dawo, ta ci daga 2018 zuwa 2022, shekara biyar a jere. Ni a ganina zamanta ne ya hana gasar mutuwa har aka fito da rukunin Hypercar a 2021, wanda ya maye gurbin LMP1, mai sauƙin kashe kuɗi.

Sai ga Peugeot, Cadillac, BMW da Alpine sun shigo. Ferrari ta dawo babban rukuni a 2023 bayan shekara 50, kuma ta lashe tun a shekarar da ta dawo da motarta 499P. Na yi murna, amma Toyota nake goyon baya har gobe.